Yuraniyom: An Tafi da Tsabar, Wa Zai Gaji Dusar?

A teburin mai shayin unguwarmu, tun bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, da wuya mako ya wuce ba a taɓo maganar yuraniyom ba. Wani dare wani abokinmu ya miƙo mini wayarsa, ya ce in karanta wa jama'a da ƙarfi. Saƙo ne irin mai yawo daga waya zuwa waya, wai shekara da shekaru Faransa na sayen kilo ɗaya na yuraniyom ɗin Nijar a kan kuɗin da bai kai yuro ɗaya ba, yanzu sojoji sun mayar da shi yuro 200. Majalisa ta kaure da kabbara. Ni kuwa da bakina bai iya shiru ba, na ce, "Jama'a, tsakani da Allah, wa ya san kalar abin nan da muke yi wa kabbara?" Wani ya ce kore ne, yana walƙiya cikin duhu. Wani ya ce ruwa-ruwa ne kamar fetur. Wani dattijo da ke gefe ya ce shi dai abin da ya sani, da shi ake haɗa bam. Mai shayi ya ce ko ma mene ne, tunda Bature ya nace masa haka, ruwa ba ya tsami banza.

Saƙon nan ƙarya ne. A 2007, lokacin da Tandja Mamadou ya matsa wa Areva, kamfanin Faransa mai haƙar yuraniyom a Nijar, lamba, farashin kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa sefa 40,000. Wato ko kafin ƙarin ma kuɗin ya haura yuro 40. An cuci Nijar a cinikin nan, zan zo kai, amma cutar ba ta buƙatar a yi mata ado da ƙarya. Abin da ya kwana mini a rai daren nan shi ne, fiye da shekara 50 ke nan ana jayayya a kan na wane ne, nawa ne kuɗinsa, mu kuwa da ake jayayyar da sunanmu ba mu taɓa zama mun tambayi mene ne shi ba. Ina tare da duk mai cewa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar Nijar na 'yan Nijar ne. Sai dai wanda ya karɓi mahaƙa ya karɓi tsaba da dusa gaba ɗaya, kuma a wannan ƙarfen dusar ce mai tsawon rai, ita ce kuma mai cizo.

Yuraniyom, ko iraniyom kamar yadda harshen mutanen Nijar ya fi faɗa, ƙarfe ne kamar yadda dalma da tagulla da zinariya suke ƙarafa. In an tace shi tsantsa fari ne mai ruwan toka, kamar azurfar da ta kwana biyu ba a goge ta ba, kuma da ya sha iska sai ya dusashe. Abin da zai fara ba ka mamaki nauyinsa ne. Gwangwanin lita ɗaya in ka cika shi da ruwa kilo 1 ne, in da dalma ne kilo 11 da 'yan kai, in kuwa yuraniyom ne kilo 19. Wani Bajamushe, Martin Klaproth, ya gano shi a 1789, ya raɗa masa sunan duniyar Yuranus da aka hango a sararin sama shekara 8 kafin nan. Aka yi sama da shekara 100 ba a san masa wani aikin kirki ba sai rina gilashi da tangaran. Sai a 1896 wani Bafaranshe, Henri Becquerel, ya ajiye gishirin yuraniyom cikin aljihun tebur a kan farantin ɗaukar hoto da ke naɗe cikin baƙar takarda. Da ya wanke farantin sai ya tarar da tabo. Babu rana, babu fitila, amma wani abu ya fito daga gishirin ya ratsa takarda.

Wannan abin da ya ratsa takarda shi ne dukkan maganar. Ƙwayar zarrar yuraniyom ta yi nauyi da yawa. Shi ne na 92 a jadawalin sinadarai, kuma cikin waɗanda ake samu da yawa a ƙasa babu wanda ya kai shi. Kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima ne, yana tafiya kaya na zuba. Duk lokacin da ƙwayar ta zubar da ɓarɓashi sai wani tiriri ya fita, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, fata ba ta jin zafinsa, ita kuma ƙwayar ta rikiɗe ta koma wani sinadarin dabam. Shi ma wancan ya zubar ya rikiɗe. Haka za a yi ta gangarowa har hawa 14 kafin a dire a kan dalma, inda tafiyar ke tsayawa. Yuraniyom kakan dalma ne, ke nan. Tsakanin kaka da jikan ƙarshe kuwa akwai zuri'a mai zafin kai, cikinsu har da radiyom da wata iska da ake kira radon.

Shi kansa kakan ba mai gaggawa ba ne. Nau'in da ya fi yawa, wanda ake yi wa lamba 238, kafin rabinsa ya rikiɗe sai an shekara biliyan huɗu da rabi. Wannan sanyin jiki nasa shi ya sa tiririnsa ke da rauni. Ka riƙe dunƙulensa a hannu ba za ka faɗi ka mutu ba, don irin ɓarɓashin da ya fi fitarwa ko fallen takarda na tare shi, balle fatar mutum. Ɓarnar tana farawa ne in ya samu hanyar shiga ciki. In ƙura ce ta zauna a huhu, in ruwa ne ya bi jini ya taɓa ƙoda. Ita kuwa radon ba ta da launi, ba ta da wari, tana tasowa daga dutse da laka ta taru a rami ko a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka cire taba, tana sahun gaba wajen haddasa sankarar huhu. Ga ciwon ba ya nuna kansa yau ko gobe. Sai mutum ya bar aiki, ya koma ƙauyensu, ya yi shekara goma ko ashirin, sannan tari ya kama shi, dangi su ce sammu ne ko sanyi.

To mu je Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. Faransawa sun fara cin karo da yuraniyom a Azelik a 1957, suna cikin neman tagulla. Aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971. Aka kafa Cominak a 1974, ya fara a 1978, shi nasa rami ne mai zurfin kusan mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, kusa da garin Akokan. Daga baya duka biyun a ƙarƙashin Areva suka kasance. A dutsen yankin, tan guda ba ya ba da abin da ya wuce 'yan kiloli na yuraniyom. Ana fasa dutsen, a niƙe shi, a jiƙa shi da asid irin na ruwan batir, asid ɗin ya tsotso yuraniyom, a busar da shi ya zama wani rawayan gari da ma'aikata ke kira uranat. Kafin juyin mulkin 2023, shi ake durawa a durom, a ɗora wa manyan motoci su bi ta Tawa su gangara Kwatano, jirgin ruwa ya kai Faransa. Duk macen da ta taɓa surfe ta san sauran labarin. Abin da ya rage, fiye da kashi 99 cikin 100 na dutsen, laka ce da ake tarawa a fili.

A nan kwatancen surfe ya karye, kuma a nan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne. Dusar gero ko akuya ta ci ta yi ƙiba. Asid ɗin nan kuwa yuraniyom kaɗai yake ɗauka, yana barin radiyom da sauran zuri'ar a cikin laka. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na tiririn da ke cikin dutsen asali yana nan a dusar. Da can yana binne cikin dutse mai tauri, ƙasa ta rufa masa asiri. Yanzu an haƙo shi, an niƙe shi ya yi laushi, an shanya shi a hamadar da iska ba ta hutawa. Lokacin da Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ya bar tsibin laka mai kusan tan miliyan 20 a kan fili mai hekta 120, 'yan kilomitoci daga gidajen mutane. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Somaïr kuma na da nasa tsibin.

Ba yau aka fara kuka ba. Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa ma'aikacin mahaƙar ne, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man a Arlit bayan ya ga abokan aikinsa na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba. Shi ya jawo masu binciken CRIIRAD, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke auna irin wannan tiriri, daga Faransa a 2003. A ƙarshen 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta je da na'urorin awo, ta ce ta samu wurare a titunan Akokan da tiririnsu ya ninka na al'ada har kusan sau 500, saboda an yi cikon hanya da tarkacen dutsen mahaƙa. Ta ce cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta kuma tarar da gurɓatattun ƙarafan kamfani a kasuwar gwangwan, irin waɗanda talaka ke saye ya yi ƙyaure ko rufin ɗaki ko kayan girki. Kamfanin ya kwashe tarkacen titunan daga baya, ya kuma tsaya a kan cewa yana bin ƙa'idar da aka gindaya, kuma abin da ke isa jikin mazauna bai wuce iyaka ba. Ni ban je na auna ba, don haka ba zan rantse wa kowa ba. Abin da na riƙe shi ne wannan: duk alƙaluman da muke jayayya a kansu, ko dai na kamfani ne ko na baƙin da suka zo suka koma. Ina namu?

Mutanen Zamfara sun san ɗanɗanon irin wannan rashin sani. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an riƙa kai dutsen zinariya gida ana daka shi a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. Dutsen na ɗauke da dalma. Yara sama da 400 suka mutu kafin a gane ƙurar ce. Babu wanda ya yi nufin kashe ɗansa. Ƙura ce kawai, irin wadda ake sharewa kullum da safe. Bambancin shi ne dalma na kama yaro cikin makonni, har likitoci su lura da yawan sababbin kaburbura. Na yuraniyom a hankali yake bi, ɗaya-ɗaya, ba ya tara gawa wuri guda balle a yi shela.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska: wai irin wannan magana aikin Faransa ce, ana son a sanyaya wa mutane gwiwa daidai lokacin da suka miƙe. To bari in biya bashin tarihi, kada a ce na ɓoye. Yarjejeniyar tsaro ta 1961 ta ba Faransa fifiko a kan ma'adinan da ta kira masu muhimmanci ga tsaro, yuraniyom na ciki. A 1974 Diori Hamani na tsakiyar neman ƙarin farashi sojoji suka kifar da shi a watan Afrilu, har yau kuma mutane na haɗa biyu da biyu. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta lissafa cewa a 2010 yuraniyom ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke fitarwa waje, amma rabonsa a tattalin arzikin ƙasar bai kai kashi 6 ba. Sai da aka kai 2014, bayan doguwar tirka-tirka a zamanin Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki a Somaïr, kafin Areva ya yarda a yi masa aiki da dokar ma'adinai ta 2006. An ba kamfanin lasisin haƙa a Imouraren a 2009 da alkawarin zai zama ɗaya daga cikin manyan mahaƙun duniya, aka yi biki, sannan aka jingine aikin da farashi ya faɗi bayan haɗarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, alhali a Nijar mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida. Tashar kwal ta Sonichar da ke Cirozerin ma don mahaƙun aka gina ta tun farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hatta sunan ƙasar an ci da shi: a 2003 da takardun jabu masu cewa Iraƙi na neman yuraniyom a Nijar aka ƙara wa yaƙin Bagadaza hujja. Saboda haka da gwamnatin Janar Tiani ta ƙwace lasisin Imouraren a Yunin 2024, ta kuma ayyana mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025, ban zubar da hawaye ba.

Amma wannan tarihin shi ne ma ya sa nake tsoron a yi rabuwar da za ta yi wa Orano daɗi, wato sunan da Areva ya koma tun 2018. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya kwashi tsaba shekara 50 bai kamata a kore shi ta hanyar da gobe zai ɗaga hannu ya ce ai an ƙwace wurin, dusar ma ta zama taku ba. Ana can ana shari'a a kotun sasanta rikicin masu zuba jari a kan durom ɗin uranat da ke jibge, wa ke da ikon sayarwa. Kowa idonsa na kan durom. Ban ji an ɗaga murya haka a kan wa zai biya kuɗin tsibin laka ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: gwamnatin Nijar ba 'yar kallo ba ce a shekarun nan. A lokacin, ta hannun kamfaninta Sopamin tana da kashi 36 da ɗoriya a Somaïr, da kashi 31 a Cominak. Ita ma ta ci ladan, ko da ɗan kaɗan ne, ita ma da aska a hannunta.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin lissafi ne ya dubi waɗanda suka riga mu. A Jamus ta Gabas an haƙi yuraniyom don Tarayyar Sobiyet har zuwa 1990. Tun daga 1991 gwamnatin Jamus ke gyaran wuraren, ta kashe sama da yuro biliyan 6, kuma ba a gama ba. A Amurka, ƙasar 'yan ƙabilar Nabaho na da tsofaffin ramuka sama da 500 da kamfanoni suka gudu suka bari tun zamanin yaƙin cacar baka, ana ta jan ƙafa a kan share su. A Munana ta Gabon, inda Faransawa suka rufe mahaƙa a 1999, sai da aka rushe gidaje aka sake ginawa saboda an yi su da gurɓataccen tarkace. Jamus da Amurka ke nan, masu kuɗi da masana, abin ya zame musu ƙarfen ƙafa.

Sai maganar arziki, wadda ita ce ta fi zafi a teburin shayi. Mutane da yawa sun ɗauka ranar da Bature ya tafi kowane ɗan Nijar zai wayi gari attajiri. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A 2022 Nijar ta fitar da kimanin tan 2,000, wato kusan kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ta haƙo. Kazakistan ita kaɗai ta ba da sama da kashi 40, ga Kanada, ga Namibiya, ga Ostareliya. A ce an sayar da kowane kilo dalar Amurka 200, farashi mai kyau ke nan. An samu dala miliyan 400. A raba wa mutum miliyan 26, kowa ya tashi da kimanin dala 15 kacal a shekara, kuma wannan kafin a cire kuɗin haƙa, da asid, da mai, da albashi, da jigila. Kuɗi ne da zai gina asibitoci da makarantu in an riƙe amana, ban raina shi ba. Amma ba zai ɗauki ƙasa a kai ba. Ga farashin kuma ba shi da alƙibla: laba ɗaya ta haura dala 130 a 2007, ta faɗo ƙasa da dala 20 a 2016, ta sake haura 100 a farkon 2024. Dattawan Yamai na tuna ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ya yi ambaliya a zamanin Seyni Kountché aka yi ta gine-gine, da yadda farashi ya karye a shekarun 1980 aka tashi da bashi. Dutsen Kanada kuwa a wasu ramukan yana ba da sama da kilo 100 a kowane tan. Mai saye yana da inda zai je.

Akwai kuma masu cewa to mu daina sayarwa, mu kunna wutarmu da abinmu. Na fi kowa son jin haka, musamman in na tuna yadda Yamai da Maraɗi da Damagaram suka kwana cikin duhu lokacin da Nijeriya ta katse wuta bayan juyin mulki, ƙasar da ke ba Nijar kusan kashi 70 na lantarkinta a lokacin. Sai dai halin ƙarfen ya sake tare hanya. A cikin kowane kilo na yuraniyom, nau'in da ke kama wuta a tukunyar nukiliya, mai lamba 235, giram 7 ne kacal. Yawancin tashoshin duniya na buƙatar a tace shi har ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, bam kuma kusan kashi 90. Na'urar da ke yin na farko ita ce ke yin na biyu in an bar ta tana juyawa, shi ya sa duniya ta kasa ta tsare a kan sana'ar, shi ya sa kuma Iran ta shekara 20 ba ta yi barci da ido biyu ba. Masu tacewa don kasuwa 'yan ƙalilan ne: Rasha, da Faransa, da Sin, da wani kamfanin haɗin gwiwar Ingila da Holan da Jamus. Uranat ɗin Arlit ko ka zuba shi a murhu ba zai dafa maka shayi ba. A duk Afirka tashar lantarkin nukiliya ɗaya ce ke aiki, ta Koeberg a Afirka ta Kudu. Masar na gina tata da taimakon Rasha a kan kuɗin da ya doshi dala biliyan 30. Babbar tukunya guda na ba da megawat 1,000 ko fiye, abin da ya fi ƙarfin layukan wutar Nijar baki ɗaya. Madatsar Kandaji mai megawat 130, da aka aza harsashinta tun 2008, har yanzu jiranta ake yi. Ga rana kuwa tana dukan Agadas kyauta. An sa hannu a takardar fahimtar juna da Rosatom, kamfanin nukiliya na Rasha, a 2025, to madalla, amma ina fatan wanda ya sa hannun ya tambaye su yadda suka bar nasu tsofaffin mahaƙun a Asiya ta Tsakiya. Sauya maigida ba ya sauya halin radiyom.

In da za a tambaye ni abin da 'yancin kai ke nufi a wannan fage, zan ce na'urar awo a hannun ɗan ƙasa, da izinin faɗin abin da ta nuna. A auna ruwan rijiyoyi da famfunan Arlit da Akokan a kai a kai, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamashek, yadda ake karanta farashin gero da wake. Ruwan yankin daga ƙarƙashin ƙasa yake, ya taru tun zamanin da hamadar ke da dausayi, ba ya sabuntuwa, in ya ɓaci ya ɓaci. A bi tsofaffin ma'aikata da 'yan kwangila har garuruwansu, a rubuta wa ya kamu da me, don ciwon da ba a rubuta ba ba a biyan diyyarsa. A sa mai na'ura a ƙofar kasuwar gwangwan. Sannan duk wanda zai haƙa daga yau, ɗan Kanada ne a Dasa, ɗan Sin ne a Azelik, ɗan Rasha ne, ko gwamnati ce da kanta, a cire kuɗin rufe rami daga kowane durom tun kafin ya hau mota, a ajiye inda minista ba zai iya taɓawa ba. Na fi jin tsoron gwamnati a nan fiye da baƙo, don baƙo ana iya kai shi ƙara a yi masa zanga-zanga, amma in mai haƙa da mai sa ido da mai hukunci duk mutum ɗaya ne, wa za ka kai wa kuka? Masu ilimin ba sai an je Turai neman su ba. Jami'ar Abdou Moumouni na da cibiyar nazarin irin waɗannan sinadarai, a Zariya kuma Jami'ar Ahmadu Bello na gudanar da ƙaramar tukunyar bincike tun 2004. Tsakanin Zariya da Yamai babu teku.

Shirin da aka tsara wa tsibin Akokan shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, aikin kusan shekara 10, sannan a yi wasu 'yan shekaru ana sa ido. Radiyom ɗin da ke ƙarƙashin wannan lulluɓi sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya tafi, sinadarin da ke haifar da shi kuma, wani nau'in toriyom, nasa rabin sai bayan shekara 75,000. Daga hawan Bagauda sarautar Kano zuwa yau shekara dubu ne da 'yan kai. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515, ita ma da ƙasa aka yi ta, kuma tana tsaye ne don duk bayan 'yan shekaru magina na taka itatuwan da ke jikinta su hau su yi mata yaɓe. Sun san dalilin da ya sa suke hawa, iyayensu sun nuna musu, kuma suna ganinta kullum in sun ɗaga kai. Tsibin Akokan babu ladan a kansa, babu mai zuwa ziyara. In ruwan sama na shekara guda ya zaga ya tsaga yumɓun, ko iska ta yi shekara 40 tana lasarsa, ina so in san sunan ofishin da zai hau ya yi yaɓen, da kuma layin da aka rubuta kuɗinsa a kasafin bana.